Ƙugiyar Da Ta Faɗi A Hanya

Daura, Lahadi.

Zuwa ga Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya jikin naki? Allah ya sauke ki lafiya.

Yaya, na tafka kuskure. Na kusa raba mahaifinmu Malam da yayansa Baffa Audi, kuma da harafi ɗaya tak.

Kin san tun tuni an tsayar cewa auren ƙanwarmu Kulu a garin Babban Mutum za a yi, a ƙofar gidan Baffa, shi ne waliyyi. Rana kawai ake jira. Da Malam ya sa rana, sai ni uban iyawa na ce a bar mini sanarwa. Na sauke wani laburaren manhaja, wato shiryayyen tsarin tura saƙo, a kwamfutata, na sa masa mabuɗin sirri, na haɗa shi da kamfanin da ke aika saƙon waya ta intanet. Na gwada da Turanci, ya tafi sumul. Ban gwada da Hausa ba.

Na rubuta maganar Malam yadda ya faɗa: "Auren Kulu, a ɗaura ranar Asabar bayan azahar." Ashe laburaren bai san harafi mai ƙugiya ba, miƙar da shi yake yi. Mutum ɗari uku suka karanta: "Auren Kulu, a daura ranar Asabar."

Jiya muka isa Babban Mutum da goro da dabino, muka tarar ƙofar gida wayam, ko tabarma ba a shimfiɗa ba. Iya matar Baffa ta fito tana kallonmu kamar ta ga fatalwa. Ta ce ai Baffa ya tafi Daura tun da hantsi. Kwana uku bai ci abincin kirki ba, ya kashe waya, yana ganin ƙaninsa ya ƙwace masa walicci ba ko sallama. Da ta nuna mini saƙon a wayarta, wallahi nan take na gane ɓarnata ce. Malam ya kalle ni sau ɗaya ya nufi mota, kuma gara a ce ya mare ni.

Muka juyo Daura. Bayan la'asar muka same shi zaune a ƙofar gidanmu, can gefe cikin baƙi, dangin ango na ta duba agogo. Na durƙusa gaban jama'a na faɗi laifina. Baffa ya sa na maimaita kalmar sau biyu, da ƙugiya da babu. Malam ya tambaye shi me ya kawo shi, tunda ya ɗauka an wulakanta shi. Ya ce fushinsa da ƙaninsa ne, Kulu ba ta yi masa komai ba, ko a bayan sahu ne zai shafa fatihar 'yarsa.

Ban taɓa ganin hawayen Malam ba sai jiya. Ya kama hannun yayansa ya kai shi tsakiyar tabarma, Baffa ya ba da aure.

Na gyara laburaren. Amma Malam ya ce ranar sunan abin da za ki haifa, da ƙafata zan je Babban Mutum in faɗa da bakina.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Hafizu