Yatsun Kofur Haladu

Malumfashi, 3 ga Disamba

Zuwa ga 'yata Ummukulsum,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da mahaifinki Kofur Haladu, na karanta tarihinsa da kika rubuta domin taron tsofaffin sojoji a Funtuwa. Akwai kuskure a shafi na biyu, layi na tara, inda kika ce ya rasa yatsu biyu a yaƙin basasa. Shekara uku ya yi a fagen daga, ya dawo Gozaki ko ƙwarzane babu.

A kakar 1981 abin ya faru. Ina malamin gona, na kai injin casar masara in nuna wa manoma, sanye da babbar riga, alhali na san doka ta hana. Bel ɗin injin ya kama hannun rigar yana ja na. Mahaifinki ya cusa hannunsa ya fizge ni, injin ya tafi da yatsunsa. Ya hana a kai maganar ofis don kada a kore ni. Waɗanda suka gani sun rasu, ku kuma kuka taso kuna zaton yaƙi ne, ni kuwa na yi shiru. A gyara.

Wassalam, babanki,
Maitama Zubair

Gozaki, 8 ga Disamba

Baba Maitama,

Ina gaisuwa da ladabi. Na karanta wa mahaifina wasiƙarka, ya yi dariya har ya ƙware, ya ce in rubuta haka: "Ki gaya wa taubashina Baturen gona, yatsuna ne, ni na san inda na ajiye su. Dattijon da ake miƙe masa a masallaci zai tona wa kansa asiri gaban jama'a? Ya bar wa yaƙi abinsa, yaƙi ba ya jin kunya. Da takardar nan, gara ya zo ya taya ni tsinkar auduga, amma ban da babbar riga."

Ni dai ban yi dariya ba, Baba Maitama. Da yatsu takwas mahaifina ya noma abin da ya karantar da mu bakwai. Wanne zan buga? Juma'a zan kai wa mai ɗab'i.

Ka huta lafiya,
'Yarka Ummukulsum

Malumfashi, 10 ga Disamba

Ummukulsum,

Bayan gaisuwa, ki buga gaskiya. Kuma ba bakwai ba ne. 'Ya'yana shida sun yi karatu da aikin da ya tsare mini. Sha uku ke nan. Ni zan karanta shafin a gaban taro, Kofur yana zaune a sahun gaba.

Na haɗo da:
Ɗaya, shafi na biyu, gyararre.
Biyu, hotonsa da kakin soja, na 1969, hannuwansa cikakku.
Uku, bayanina mai sa hannuna. Idan ƙafa ta hana ni zuwa, ki karanta shi duka, kada ki tsallake sunana.

Allah ya yi miki albarka.
Maitama Zubair