Ranar da Su Yaya Sabuwa Suka Je Ganin Hidaya

Juma'a, 8 ga Agusta, 2025

Na dawo daga Ɗanzomo a jiƙe sharkaf. Da hadari ya haɗo na so in fasa, sai na tuna wa zan je gani. Hidaya ba a sauya mata rana. Juma'a bayan la'asar, tabarma ɗaya, gindin darbejiyar ƙofar gidansu, ita da zare da allura tana ɗinkin hula.

Na ce ta yi kewata? Ta ce a'a, ai ta san yau zan zo. Ka ji fa. Ni Jamaluddeen, malamin gona guda da ake ji da shi a Gagarawa, na keto ruwa daga Gumel, wannan ne tukuicina. Amma da zan tafi ta ɗora zare a kaina tana aunawa, ta ce hular ɗaurin aurenmu za ta fara. Har na iso gida ina murmushi ni kaɗai kamar wanda ya tsinci dami a kala.

Laraba, 20 ga Agusta

Hajiya, mahaifiyata, ta ce bayan kaka za a kai gaisuwa, in dai mata sun je sun gani sun yaba.

Ban faɗa mata abin da Hidaya ta faɗa mini tun farkon zuwana ba. Cewa wata likita a Kano ta duba ta, ta ce sunan abin otizim, haka Allah ya yi ta, ba ciwo ba ne da za a sha magani. Ƙara mai ƙarfi tana ji kamar ana soka mata tsinke a kunne. Kallon ido cikin ido yana gajiyar da ita. Abu ɗaya ta roƙe ni ranar: “Kada ka zo mini da abin da ban sani ba. Ka faɗa mini tukuna, ko mene ne.” Na ce wannan ai mai sauƙi ne.

A gida kuwa da na ce ba ta ɗaga ido, Hajiya cewa ta yi kunyar Fulani ce, Allah ya yi mata albarka. Na bar ta a haka.

Asabar, 6 ga Satumba

Yaya Sabuwa ta ce ranar Talata za su je, ita da Gwaggo. Kuma ba za a sanar ba. “Yarinyar da aka ce mata ga baƙi nan, ai kowa ya iya shara. Ba-zata ake yi, a ga ɗaki a ga hali. Haka aka yi mini, haka muka yi wa kowa.”

Na ce ko dai a ɗan... Ta ce me kake ɓoyewa?



Litinin, 8 ga Satumba

Na ɗauki waya na ajiye, na ɗauka na ajiye. In na faɗa mata, Yaya za ta gane. Minti nawa ne ma za su yi? Hidaya tana da tsafta, tana da ladabi. Za su so ta.

Talata, 9 ga Satumba

Ni na kai su. Na tsaya a waje yadda ya kamata, gindin darbejiya. Na ji sallama, na ji dariya, sai guɗar Gwaggo, irin tata mai tsaga kunne. Daga nan ban ƙara jin komai ba.

A mota suka ba ni labari, ba don ni ba, junansu suke ba wa. Sun same ta tana ɗinki. Gwaggo ta yaye mata mayafi wai ta ga fuskar amarya, ta fesa mata turare, ta rangaɗa guɗa a saitin kunnenta. Hidaya ta toshe kunnuwa, ta durƙushe a bayan ƙofa tana jijjiga jiki gaba da baya. Ba gaisuwa, ba ko uffan. Innarta tana ta cewa don Allah ku ɗan fita, ku ba ta wuri.

Gwaggo ta ce, “Iska ce. Na san su in na gan su.”

Yaya ta ce Allah ya rufa mana asiri da ba a sanar ba.

Ni dai na riƙe sitiyari har Gumel.

Alhamis, 11 ga Satumba

Ba ta ɗaga waya.

Lahadi, 14 ga Satumba

Yau na faɗa wa Hajiya komai, har sunan abin. Ta saurara har na gama. Ta ce ko wane suna likita ta sa masa, a kai ta wurin malamin nan na Maigatari ya yi mata ruƙiyya, in ta warke a yi magana. Na ce Hajiya, ba abin da ya hau kanta, mu ne muka hau. Yaya ta ce to ranar biki fa, za a hana dangi guɗa ne saboda matarka?

Na ce a hana mana. Suka kalle ni kamar ni ne mai iskar.

Juma'a, 26 ga Satumba

Na aika saƙo tun Laraba cewa zan zo, ni kaɗai. Ta amsa da kalma ɗaya: to.

Baffa Sajo, mahaifinta, ya tare ni a zaure. Bai ɗaga murya ba, gara ma ya ɗaga. Ya ce kwanaki ta yi bakinta bai buɗe ba, abinci sai an ajiye an fita. “Ɗana, ba mu ɓoye maka komai ba.”

Ta fito ta zauna a inda ta saba. Idonta a kan zare.

“Ka san za su zo?”

Na ce na sani.

“Su ba su san ni ba, ban riƙe su ba. Kai ka san ni.”

Na fara ba da haƙuri, na kawo al'ada, na kawo Yaya. Ta bari na gama tsaf. Sannan ta ce tana sona, wannan bai canja ba, ta duba. Haka ta ce, ta duba. Amma yanzu duk motar da ta tsaya a titi sai ta firgita, don ba ta san wa na kawo ba. Ta ce ba za ta iya zama a gidan da ba ta san abin da zai shigo ta ƙofa ba. Kada a kawo gaisuwar.

Ko hawaye. Ni ne na yi ta share fuska da hannun riga a gaban mace.

Asabar, 27 ga Satumba

Wace irin zuciya ce wannan? Kuskure ɗaya. Da wata ce da ta yi fushi, ta yi kuka, a lallashe ta, a wuce wurin. Ita kuwa ta yanke kamar mai yanke zare.

Ƙarya nake. Na ga babban yatsanta, ta soke shi da allura har jini ba ta sani ba.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Na haɗu da Baffa Sajo a kasuwar Maigatari, ya kawo tumaki. Ya ciro leda daga aljihu ya miƙo mini. Hular ce, ta gama ta. Wai ta ce ta yi alkawari za ta ɗinka, kuma ba kan da za ta shiga sai nawa.

Na tambaye shi ya take. Ya ce alhamdulillahi, ta koma ɗinkinta. Har na juya ya ce, “Ran Juma'a tana shimfiɗa tabarmar nan har yanzu. Kada ka sa rai, na tambaye ta. Ta ce ba jiranka take ba, jikinta ne ya saba.”

Da ya bar wannan a cikinsa.

A gida na gwada hular, ta zauna mini daidai. Na cire na mayar leda.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

An kai riɗi gida, ana ta bukukuwa. Ƙanena Anas ya samu yarinya a Gagarawa Tasha, su Yaya sun je ganinta jiya, ba-zata. Sun dawo Yaya tana mita wai sun tarar har an dama fura an shimfiɗa darduma, lallai wani munafuki ya tsegunta. Shekaranjiya dai na bi ta ƙofar gidan su yarinyar, na gaisa da mahaifinta. Hanyar aikina ce.

Yau aiki ya kai ni Sule Tankarkar, na dawo ta Ɗanzomo bayan la'asar. Kafin lungunsu na kashe mashin na tura shi da hannu, mai ne nake tattali. Hular tana kaina, rana ce ta yi yawa.

Daga titi ana hango darbejiyar. Na ga gefen tabarma, na ga mayafi ruwan toka, kai a sunkuye.

Ban tsaya ba. Ban faɗa mata zan zo ba.