Takalmin Birki, Takalmin Baba

Litinin, 8 ga Yuli, 2024

Mama Anjelina mai ƙosai ta tare ni da safe a ƙasan Gangaren Tudu, ko gaisuwa ba mu gama ba. Ta ce, "Deeni, ka gaya wa babanka ƙosai nake soyawa, ba mutum ba." Wai jiya da yamma ya gangaro, saura ƙiris ya shige kaskon mai. Da ƙafa ya tsayar da mashin, yana jan ta a ƙasa. Da dariya take ba ni labarin, amma na ga ta mayar da murhunta can bayan kwata.

Da na dawo na duba takalman Baba a ƙofar ɗaki. Na hagu ya cinye, dunduniyar kamar an fere ta da wuƙa. Na dama lafiya lau.

Birki ne. Mashin ɗin nan ya kusa sa'ana.

Talata, 9 ga Yuli

Na jira sai da ya gama cin tuwo. Na ce, "Baba, ko in duba maka birkin nan?" Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Kai da injin niƙa ka iya, mashina ya yi maka kama da masara?" Inna ta yi dariya. Ni ma na yi.

Ba wanda yake taɓa masa mashin. Wayar birkin gaba ma shi ya cire ta da hannunsa tun ina ƙarami, wai birkin gaba wurgar da mutum yake yi. Ke nan birki ɗaya gare shi, na ƙafa. Shi ma ga yadda ya koma.

Laraba, 10 ga Yuli

Na je shagon Oga Boniface mai kayan gyara. Na ce masa takalmin Baba ya cinye. Ya ce, "Wanne? Na ƙafa ko na taya?" Ashe abin da ke kama taya daga ciki shi ma takalmi ake ce masa. Ya ɗauko ya nuna mini: ƙarfe biyu masu lanƙwasa kamar jinjirin wata, da fata a bayansu, da sifirin biyu da ke haɗa su. In ka taka birki sai su buɗe su matse kwanon da ke cikin taya.

Ya ce in kawo mashin ɗin. Na ce ba ya kawuwa. Ya ce, "Ah, na Malam Nababa ne? Wannan ko shugaban makanikai bai isa ba." Ya ba ni aron sifana biyu, ya zana mini yadda sifirin ke zama a bayan kwali. Ya ja mini kunne har sau uku: kada giris ya taɓa fatar, ko ɗigo ɗaya.

Na sayi sababbin takalman birkin, na ɓoye su da sifanun cikin buhun dusa.

Juma'a, 12 ga Yuli

An yi. Baba ya bi motar maƙwabci zuwa masallaci, daga can za su wuce ta'aziyya Jigwada. Ni na yi salla a na kusa na rugo gida.

Na ɗora mashin a dogon sitan, ƙafar tsakiya mai ɗaga taya, na kwance notin sandar birki, na zare ƙarfen da ke riƙe taya. Duk abin da na cire sai in jera shi a kan tabarma, daga dama zuwa hagu, don kada in manta wa ke bin wa. Cikin kwanon laka ce da baƙar ƙura. Na goge, na bi shi da sanfefa a hankali. Sifirin ɗaya ya ƙwace ya tsaga mini ɗan yatsa, na naɗe da tsumma kada jini ya ɓata sabuwar fata.

Inna ta tsaya a kaina da tsintsiya. Ta ce, "Ni dai ban ga komai ba." Ta koma kicin.

Na mayar da taya, na daidaita sarƙa, na ɗaure noti har sai da abin takawar ya daina lilo. Na gwada a lungu. Taɓawa kaɗan, cak.

Abu ɗaya ya tsaya mini. Tsofaffin takalman ba su cinye sosai ba. Akwai sauran fata, fiye da rabi.

Asabar, 13 ga Yuli

Yayata Hapsatu ta haihu a Agwada, mace. Alhamdulillahi. Suna Asabar mai zuwa. Baba ya ce shi zai kai Inna a mashin, ba ruwansa da jiran mota ta cika.

Gara da na gyara.

Lahadi, 14 ga Yuli

Ya fita, ya dawo. Ina ta jiran faɗa. Shiru.

Litinin, 15 ga Yuli

Har yau shiru. Wannan mutumin da in ka matsar masa da madubi kaurin yatsa sai ya tambayi wanda ya taɓa. Birki ya tashi daga lilo ya koma kama-da-taɓawa, a ce bai ji ba?

Na kai wa Oga Boniface sifanunsa da tsofaffin takalman. Ya jujjuya su. Ya ce, "Wannan ai zai yi shekara. Deeni, birkin nan ba ciwo yake ba, hutu yake." Ya yi dariya. Da ya ga ban yi ba sai ya daina.

Talata, 16 ga Yuli

Da sassafe kafin ya fito na goga farin alli a kan abin taka birkin, ya yi fari fat.

Na tsaya a zaure ina kallon fitarsa. Bai buga kik ba. Ya tura mashin da ƙafar hagu har bakin gangare, ya sake shi, ya sa giya, ya tashi. Ya fi wata biyu yana haka. Ni da na ɗauka kik ɗin ne ya lalace. Na gwada shi ranar Juma'a, bugu ɗaya ya tashi. Me ya sa ban yi tunani ba tun ranar?

Kik ƙafar dama. Birki ƙafar dama.

Ya dawo bayan la'asar. Allin yana nan. Gefe ɗaya ne kawai ya ɗan goge, kamar an ɗora ƙafa ba a danna ba.

Laraba, 17 ga Yuli

Yau ban kalli mashin ba, shi na kalla. Da hannun hagu yake ɗaukar buta. Wajen tashi daga tabarma sai ya dafa bango, ya yi kamar yana duba tsagar siminti. In yana tafiya, ƙafar dama tana zuwa a makare, kan takalmin yana sharar ƙasa. Ni dunduniya na duba rannan, ban duba gaba ba.

Na ƙona wa Madam Filomina mai kawo niƙa gero a inji saboda hankalina ba ya wurin. Ta ce ko aure nake tunani.

Saura kwana uku. Hanyar Agwada ga ruwa ga ramuka, ga manyan motoci. Ga Inna a baya da ƙullin kayan jariri.

Alhamis, 18 ga Yuli

Na cire fulogi na sa a aljihu don kada mashin ya tashi. Na yi tafiya har bakin titi, na dawo na mayar. Minti ɗaya zai gano, kuma daga ranar ba zai ƙara yarda da ni ba.

In na gaya wa Inna, za ta yi kuka, shi kuma zai hau mashin don ya nuna mata ƙarya ne. Na san shi.

Ta yaya ɗa zai ce wa ubansa ƙafarka ta mutu?

Juma'a, 19 ga Yuli

Bayan la'asar na same shi yana goge tanki da tsumma. Na durƙusa. Na ce, "Baba, na yi laifi. Na canza maka takalmin birki ranar da kuka je Jigwada." Na shirya ƙaryata tun safe. Na ce Oga Boniface ya ce sabon takalmi sai an yi ta taka shi da ƙarfi a doguwar tafiya kafin ya zauna, kuma wanda ya ɗaura shi ya kamata ya taka, don in da kuskure shi zai ji.

Ya ci gaba da goge tanki. Har na ji kiran wani mai gyaran tukunya ya wuce lungu ya ɓace.

Ya ce, "Boniface ne ya ce haka."

Na ce e.

"Allin ma Boniface ne ya ce ka sa?"

Na kalli taya.

Ya ajiye tsumman. Ya ɗora hannu a gwiwarsa ta dama ya bubbuga ta kamar yadda yake bubbuga tanki in yana son ya ji ko da mai. Ya ce tun bayan ƙaramar salla. Wata safiya ya tashi ya ji ƙafar kamar ta aro. Ya ce yana aika mata saƙo, sai ta ga dama take zuwa.

Ya ce, "Innarka ba ta sani ba."

Na ce, "Ni ma ban sani ba, Baba. Birki kawai na sani."

Ya shiga ɗaki. Makullin yana jikin mashin. Ban taɓa ba. Ban san ko gobe zai hau ba.

Asabar, 20 ga Yuli

Ya fito cikin babbar riga, ya tsaya gaban mashin. Sai ya ɗaga murya yadda Inna za ta ji: "Zubaidatu, ki bi mota. Yaron nan ya yi mini karambani a birki, sai na zauna a bayansa na ji abin da ya ɓata."

Inna ta dube shi, ta dube ni. Ta ce to. Da sauri ta ce, kamar dama tana riƙe da ita a baki.

Mun je lafiya. Sunan yarinya Raihana. Duk hanya faɗa yake: na cika gudu, na cika sanyi, ban iya kauce wa rami ba.

Litinin, 29 ga Yuli

Mun je asibiti ranar Laraba, wai raka ni ya yi in nuna yatsana. Yatsan da ya warke tuntuni. Sun ce hawan jini ne, sun ba shi magani, za mu riƙa komawa motsa ƙafa.

Har yanzu dai birkin bai gama zama ba, in ji shi. Kullum da safe sai mun fita gwaji.

Yau da muke sauka Gangaren Tudu na ga inuwar ƙafarsa ta hagu ta sauko tana neman ƙasa. Na taɓa birki. Cak. Ya mayar da ita a hankali. Mama Anjelina ta ɗaga mana cokali, ta ce, "Malam, ka samu direba!" Ya ce, "Ɗan koyo ne."

Hannunsa na dama yana kan kafaɗata. Ba nauyi. Da can hannun nan in ya riƙe ka sai ka ji a ƙashi.

Na kai takalminsa na hagu an sa masa sabuwar dunduniya. Makulli yana aljihuna tun ranar suna. Bai ce in kawo ba. Mantawa ya yi, ina jin.