Molon Babana zai raba ni da wurin aikina

Salama a gare ku 'yan wannan zaure, Musulmi da Kirista, manya da ƙanana. Admin don Allah ka ɓoye sunana, akwai 'yan ofis ɗinmu a nan, na sha ganin suna tofa albarkacin bakinsu. Don Allah ku ba ni shawara, wanda kuma zai zage ni ya daure ya karanta har ƙarshe tukuna.

Ni mace ce, na haura talatin, ban yi aure ba, kuma ba wannan na zo tambaya ba, masu shirin turo min yayyensu su huta. 'Yar kudancin jihar nan ce ni, aiki ne ya kawo ni cikin garin Bauchi, wata ma'aikatar gwamnati. Ina zaune a ciki da falo ta hanyar Gubi, ni kaɗai. Rayuwata ba ta da wani labari, in hau keke da safe, in wuni a gaban kwamfuta ina buga takardun da Oga zai ce a sake, in dawo da ciwon wuya, in dafa taliya in ci a cikin tukunya don ba wanda zan zuba wa a faranti. Akwai Asabar ɗin da nake wuni ban buɗe baki ba sai in mai ruwa ya ƙwanƙwasa ƙofa. 'Yan uwa suna zuwa, ba zan yi musu ƙarya ba, amma zuwan asibiti ne ko neman wata takarda, su ci, su yi cajin waya, su kama hanya. Ba wanda ya taɓa zuwa don ya gan ni kawai.

Bara Mama ta rasu. Baba ya zauna a ƙauye kamar an zare masa laka. Mutum ne mai kaɗa molo tun yana saurayi, a biki, a gayyar noma, a coci, amma daga ranar da aka binne ta ya rataye shi a bango bai sake taɓawa ba. Da idonsa ya fara damunsa sai na ce ya zo likita ya duba shi, a raina kuwa dabara ce, so nake ya zauna da ni. Na sa aka haɗo masa kayansa har da molon. Gaskiya watan farko na ji daɗin duniya. Ba ya magana sosai, abinci ma sai na yi ta lallashi, amma in na dawo akwai takalmi a bakin ƙofa, akwai mai tari a falo, akwai mai ce min sannu da aiki. Wannan kaɗai ya ishe ni.

Ni da ƙafata na kai shi kasuwar Wunti wurin wani tela, Malam Sabo, don a rage masa wandunansa da duk suka yi masa yawa. Malam Sabo dattijo ne ɗan cikin gari, ga surutu ga barkwanci, a ƙofar shagonsa akwai bencin da tsofaffi ke zama suna gyara Najeriya da baki. Ya tambayi Baba sana'arsa, Baba ya ce noma, ni kuma da bakina ba ya shiru na ce ai makaɗi ne. Malam Sabo ya ce, "To Baba na kudu, in ka zo karɓar wando ba molo, babu wando." Baba ya yi dariya. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin Mama ta kwanta.

Daga nan shi ke nan. Yanzu Baba yana riga ni fita. Ya san masu keken layinmu da sunayensu, ya san inda ake dama fura mai kyau a kasuwar Muda Lawal, ya yi kumatu, har turare yake shafawa. A bencin nan ya fara da tsofaffin waƙoƙin yarenmu, daga baya ya shiga tsara nasa da Hausa, kan takin da ba ya isa hannun manomi, da hanyar ƙauyenmu da mota ba ta iya bi da damina. Wani ya ɗauka a waya, abu ya bazu. Sai ga yaran wani ɗan takara na ɓangaren adawa, suka kawo masa riga da hula, suka roƙi ya sa sunan maigidansu a cikin amshi. Yanzu duk taron da za su yi sai an zo da mota an ɗauke shi. Da na ɗan yi masa magana cewa ya yi, "Ni ban san siyasa ba 'yata, na dai san in na kaɗa ana yin shiru a saurara."

Matsalar ita ce sunan Baba nake amsawa a ofis, kuma a kowane bidiyo sai an kira sunansa da na garinmu. Wata safiya ina shiga na ji muryar ubana tana fita daga wayar wata abokiyar aiki, ana ganina aka kashe. Oga ya kira ni. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya ce shi ba ruwansa, amma na sama suna gani, kuma ana shirin sauya wa mutane wurin aiki, akwai wata ƙaramar hukuma can nesa da ke neman mai buga takardu. Ya ce in yi wa tsohon magana tun da wuri. Tun daga ranar nan, waɗanda muke cin abincin rana tare suka koma ci a wani ofis, wani kuma ya laƙaba min 'yar mawaƙi, aikin mutum uku aka tara a teburina. In aka tura ni can ban san kowa ba, Baba kuma ba zai iya bina ba saboda likitan idonsa yana nan.

Na kira Yayana da ke Jos. Ya ce in ɓoye molon in sa tsoho a mota a mayar da shi ƙauye, wai wulaƙanta mu yake yi. Shi da ko sau ɗaya bai leƙo ba tun bayan jana'iza. Muka yi cacar baki na kashe wayata.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Ba tsoron canjin wurin aiki kaɗai ke cina ba, haushi nake ji. Na kawo Baba don in samu abokin hira, garin Bauchi ya ƙwace min shi. Shekaru nake a garin nan ban yi ƙawa ɗaya ta kirki ba, shi kuwa cikin 'yan watanni har suna da ɗaurin aure ake gayyatarsa. Ina dawowa in tarar da kwaɗo a ƙofa, in ya shigo kuma labarin Malam Sabo ne har ya yi gyangyaɗi. Ina kishin ubana, na faɗa. Shi ya sa in na yi tunanin hana shi, ban san ko aikina nake karewa ba ko kaɗaicina.

Shekaranjiya na ɗaura niyyar gaya masa komai. Na dafa masa gwaten da yake so, na zauna ina jiran ya ƙoshi. Kafin in buɗe baki sai ya jawo molo ya ce Asabar ɗin nan akwai babban taro, kuma ya yi sabon baiti, nawa ne. Ya rera min. Sunana cikakke yana ciki, da wurin da nake aiki, da yadda na ɗauko shi yana jiran mutuwa na mayar da shi mutum. Ya ce ya sa a ajiye min kujera a gaba. "Ki zo ki ji 'yata, na yi wa mutanen duniya waƙa, ke ban taɓa yi miki ba." Na tashi na shiga banɗaki na yi kuka mai isata, na fito na ce masa yaji ne ya shige min ido.

In ya rera baitin nan a gaban jama'a, na san sunana ne na farko a cikin waɗanda za a tura. In na ce ya cire, zai tambayi dalili, kuma na san halin Baba, yana jin aikina na cikin haɗari zai rataye molon da hannunsa, ya koma zaman falo yana kallon bango. Zai dawo nawa ni kaɗai, kuma akwai wani gefe na zuciyata da yake son hakan, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Jama'a me zan yi? In gaya masa gaskiya ya daina, ko in je wurin Malam Sabo ya lallashe shi ba tare da ya san daga ni ne ba? Ko in bar shi ya rera, in tattara kayana in jira takarda? Waɗanda suka taɓa riƙon tsoho bayan rasuwar abokin zamansa, ku na fi son ji. Asabar ta matso kuma har yanzu ban ce masa kar ya rera ba, don gaskiya ina so in zauna a kujerar nan in ji ubana ya kira sunana.