Gangar Makon Aurenmu

Ismay matata, ruwan farko a kan gonar rake, iskar teku mai sanyaya la'asar, zumar tsufana!

Ni da biro ba mu taɓa shiri ba, maƙwabci ne ke rubutawa, amma kowace kalma daga ƙirjina ta fito. 'Yarmu Verna ta ce can Toronto har yau kina kirana mai kan dutse. Ki yi ta kira, ni dai ba zan hau jirgi ba. In na tafi, wa zai kula da gangar giyarmu?

Kin tuna ranar da na cika ta da giyar rake, fara fat kamar ruwan rijiya? Kika kurɓa kika yi tari har da hawaye, kika ce wannan sai dai a wanke miki da ita. Na ce ki ba ta lokaci, ba za mu juye ta ba sai furfura ta rufe mu. Kika ɗora hannu a kan katakon, kika yarda.

Jiya na zare matoshin na ɗiga kaɗan a harshe. Wayyo, Ismay! Ta yi duhu kamar kogin Demerara bayan ruwan sama. Da fari mazarƙwaila, sai ɓawon lemo, sai hayaƙin gonar da aka ƙona kafin yanka, can ƙarshe kuma wani ɗumi ya sauka ƙirjina ya ƙi tafiya, irin na tafin hannunki. Wa zan gaya wa? Wa ya san yadda take a da, in ba ke ba?

Amma tana ƙarewa. Zafin ƙasar nan yana zuƙe rabonsa ta jikin katako kowace shekara. Da, ko ina na ƙwanƙwasa a cike take amsawa. Yanzu sai can ƙasa, sama duk kogo ne, kamar gidanmu. Tsofaffin abokan aikina sun ce in zuba ta a kwalabe tun ba ta ƙafe ba. Na rantse ba mai juye ta sai kina tsaye.

Ki zo wannan Kirsimetin, hasken idona. Ƙafafuna sun kumbura, numfashi ya fara yi mini rowa. Kin san in an buɗe kwalba, kurɓin farko a ƙasa ake zubawa don waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Ba na so rabona ya iske ni ta ƙasa, Ismay. Daga hannunki nake so in karɓa.

Naki, ko ganga ta ƙafe, ko ƙasa ta rufe ni,
Cuthbert