Waƙar Baba Ta Samu Magaji

North Shields,
Oktoba, 1976.

Zuwa ga ƙanena Alec,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Moira da yara. Allah ya sa wa aikinka albarka a can Fremantle. Mu nan sai godiya. Sanyi ya fara shigowa, maigidana Dennis ya soma tarinsa na kowace shekara, taba kuwa ya ƙi bari. Baba jiki da sauƙi. Hannun dama ne har yanzu bai dawo ba, magana kuma sai ya yi ta laluben kalma, in ta ƙi zuwa ya huce a kaina.

Dalilin rubuto maka shi ne waƙar Baba. Ka san dokar kulob ɗinsu na ranar Lahadi: kowane tsoho da waƙarsa, ba mai taɓa ta wani muddin mai ita yana numfashi, sai in shi ya miƙa da bakinsa. Tun da ciwon nan ya kama Baba ba a ƙara jin tasa ba. Wilf Dodds, abokin faɗansa, ya tare ni a kasuwar kifi ya ce mini, Maureen, waƙar nan fa za ta riga ubanki shiga kabari, mu amshi kaɗai muka riƙe. Da na faɗa wa Baba, sai ya ce Wilf ya ji da tasa da yake rerawa kamar akuya ta maƙale a shinge, waƙar gidanmu ajiya ce, ta Alec ce. Na ji zafi, don ni ce na girma ina jin ta a bakin murhu.

Kai lokacin ƙwallo ta ɗauke maka hankali, na san ba ka riƙe asalinta ba. Mutanen kakan Baba, Ralph, su ne masu kwale-kwalen dakon kwal a kogin Tyne, suna kai wa manyan jirage. Da aka shimfiɗa layin dogo har bakin ruwa, jirgin ƙasa ya riƙa juye kwal kai tsaye, jirage masu tururi kuma suka cika kogin, sai abincinsu ya yanke. Baitocin farko duk zagi ne, suna kiran jirgi mai tururin tukunyar shayi mai tari. Yunwa ta sa Ralph ya kama aikin zuba kwal a cikin tukunyar da suke zagi, ka san in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Shi ya ƙara baitin da ke cewa ta ƙona masa gira amma ta ciyar da 'ya'yansa. Daga nan ya zama duk wanda ya gaji waƙar sai ya ƙara nasa. Baba ne kawai bai ƙara ba, shekara da shekaru Wilf yana yi masa gori.

Lahadin da ta wuce, bayan abincin rana, ya nace in raka shi kulob. Ana cikin zagayen waƙa sai ya buga tebur da hannun hagu, ya fara. Alec, kalmomin da ke ƙin zuwa a magana sai ga su suna zuba a waƙa. A baiti na uku numfashi ya yanke masa. Ba wanda ya isa ya taya shi. Can ya juyo ya harare ni, ya ce ɗauka mana, ko kurma ce ke. Na miƙe, na kai ta har baitin Ralph da na mahaifin Baba, tsofaffi suna amsawa suna buga ƙafa kamar faɗuwar shebur.

Zan zauna ke nan ya ɗaga hannu, ya rera wani baiti da ba wanda ya taɓa ji. Magana yake yi da jirgin ruwan da ya ɗauke ka, ita dai tukunyar shayin nan. Ya ce mata ta ci kwale-kwalen kakansa an yafe mata, ta ɗauki ɗansa ta kai ƙarshen duniya, wannan ba zai yafe ba sai ta juyo da shi. Wilf ya yi ta fyace hanci yana ɗora wa hayaƙin taba laifi, ya ce duk jiran nan da aka yi, baitin ko daidai tsawo bai yi ba. Baba ya yi dariya har da tari. Rabon da in gan shi haka tun kafin ciwon.

To, ajiyarka ta dawo hannuna, kada ka ji haushi. Ni dai na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba. Ma'anar baitin kawai na ba ka. Na tambayi Baba ko in rubuto maka kalmomin, ya ce a'a, waƙar gidanmu ba a sa ta a ambulan, wanda ke so ya kawo kunnensa. Zumunci dai a ƙafa yake, Baba kuma ba yaro ba ne.

Ka gaishe mini da Moira, da Colin, da 'yar autarku Jean. Dennis da Gwaggo Peggy suna gaishe ku. Baba bai ce in gaishe ka ba, ya ce ya riga ya faɗi tasa ranar Lahadi.

Yayarka mai kewarka,
Maureen