Sandunan da Maigidana Ya Sassaƙa Sun Yi Min Tsawo

Anti, don Allah ki taimaka min da shawara. Matsalata ƙarama ce, har kunyar faɗarta nake ji, amma ta tsaya min a rai.

Kwanakin baya aka yi min tiyata a ƙugu, aka sa min na ƙarfe. Da likita ya ce in fara takawa da sanduna biyu, maigidana, wanda kafinta ne, ya ce ba za a sayo wa matarsa sanda a kanti ba yana raye. Ya zaɓo katako mai kyau, ya sassaƙa, ya goge har suna sheƙi. Sai dai da jikinsa ya auna. Shi dogo ne kamar falwaya, ni kuwa sai na taka kujera nake sauko da tukunya daga saman kantar kicin.

Na fara tafiya da su daga ɗaki zuwa bakin ƙofa, kafaɗuna a ɗage, jikina a karkace. Ƙugun ya dinga ciwo, kafaɗa ma ta shiga layi. Wallahi na ɗauka aikin ne ya lalace. Na sha kuka a banɗaki ina tunanin za a sake yanka ni, ban gaya wa kowa ba.

Da na koma asibiti aka ɗauki hoto, likita ya ce ƙarfen yana nan daram. Likitar gashin ƙashi ta sa na taka a gabanta, ta ce sandunan ne suka yi min tsawo, shi ya sa ba sa rage wa ƙugun nauyi. Ta ara min nasu masu roba a ƙasa. Ciwon ya lafa, yanzu har tsakar gida nake zagayawa. Alhamdulillahi, kamar an zare min ƙaya.

To ga inda gizo ke saƙar. Ban iya gaya masa ba. Duk wanda ya zo dubiya sai ya nuna masa sandunan nan, har yayata ya tsare da bayanin irin katakon. Na asibitin suna ƙarƙashin gado, sai ya tafi shago nake fito da su. Da na ji ƙarar babur ɗinsa sai in mayar, in ɗauki nasa, ciwo ya dawo. Mutum ne da bai iya magana mai daɗi ba, sandunan nan su ne maganarsa. Yaya zan yi ban karya masa zuciya ba?

Matar Kafinta

’Yar’uwa, barka da arziki. Na taya ki murna da aikin ya yi kyau, kuma ki yafe min, sai da na dara da na zo wajen babur.

Amma ki daina wannan ɓoye-ɓoyen daga yau. Kina gyara da safe, kina ɓatawa da yamma. Ga kuma haɗarin sunkuyawa ƙarƙashin gado da gaggawa da sabon ƙugu, abin da na tabbata an hana ki. Kara tana da kyau, amma ba a yin ta da ƙashin da bai gama warkewa ba.

Shi ma a yi masa adalci. Namijin da aka shiga da matarsa ɗakin tiyata ya zauna a benci ba abin da zai iya yi, da ya samu abin da hannunsa ya iya dole ya rungume shi. Kuskurensa na awo ne kawai. Abin da zai ƙona masa rai shi ne ya ji daga baya cewa kin yi ta shan wahala da abin da ya yi miki kina murmushi.

Ki fara masa da albishir ɗin hoton, sannan ki ce likitar gashin ƙashi tana son ganinsa da tef ɗin awonsa. Ta nuna masa inda mariƙin ya kamata ya tsaya: daidai wuyan hannunki idan kin miƙe kin saki hannu, yadda gwiwar hannu za ta ɗan lanƙwashe in kin riƙe. Ya rage tsawon, ya sa roba a ƙasa saboda santsi. Idan ta ce katakon ya yi nauyi, ki ci gaba da na asibiti a gabansa, nasa su jira sai kin yi ƙarfi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma kafinta ya fi kowa sanin haka.

Wataƙila ya ɗaure fuska na yini guda. Ki bar shi, zai huce. Shi burinsa ya ga kina tafiya, ke kuma kin ɓoye masa tafiyarki mafi kyau. Ki fito tsakar gida ki taka ya gani.

Allah Ya ƙara sauƙi, Ya bar ku tare.